Ƙwallon Lambu a Inda Babu Lambu

Wanda ya fara raɗa wa wasan golf suna ƙwallon lambu a Hausa bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Duk lokacin da aka nuno wasan a talabijin, abin da ke cika ido shi ne ciyawa kore shar wadda aka yi wa aski daidai wa daida, da tafkuna, da furanni, da 'yan tsirarun mutane suna tafiya a natse kamar babu mai bin su bashi. Lambu kuwa, a saninmu, wuri ne mai shinge da rijiya da mai shi, ba a shigarsa sai da izini. Saboda haka sunan ya zo da hukuncinsa a goye: wannan wasa ne na masu hannu da shuni, na manyan daraktoci da janar-janar masu ritaya. A wurare da yawa hukuncin ya yi daidai. Sai dai ba a lambu aka haifi wasan ba, kuma har yau akwai filayen da mutum zai taka ya ga yadda yake kafin a kewaye shi.

Ɗaya daga cikinsu yana garin Musselburgh, wanda mutanensa ke furtawa kamar Masalbara, kimanin kilomita 10 gabas da birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. A shekarun da aiki ya zaunar da ni a Edinbara, nan ne filina, kuma bas ɗin cikin gari ke kai ni. Ramuka tara ne kacal, rabin abin da aka saba gani, kuma yawancin filin yana cikin da'irar filin sukuwar dawaki da ke wurin tun 1816. Ƙasar ta jama'ar gari ce, ƙaramar hukumar East Lothian ke riƙe da amanarta. Ba a tambayar mutum katin ƙungiya, ba a tambayar wanda ya tsaya masa. Kuɗin zagaye ɗaya bai wuce na cin abinci sau ɗaya a matsakaicin gidan abinci ba, alhali a tsohon filin St Andrews, can tsallaken ruwa ta arewa, baƙo yana biyan sama da fam 300 a lokacin bazara.

Ga wanda bai taɓa kula da wasan ba, ƙa'idarsa ba ta da wuyar ganewa. Ana buga 'yar ƙwallo mai tauri da sanda daga mafari zuwa wani rami da ke nesa, wani lokaci yadi 150, wani lokaci kusan 500, kuma wanda ya kammala ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane rami yana da adadin bugun da ake tsammanin ƙwararre zai yi, uku ko huɗu ko biyar. Idan aka haɗa na ramuka taran Musselburgh, 34 ke nan. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14, kowace da nisan da take kai ƙwallo.

Abin da ɗan kuɗin ke saye

Malamin farko a wannan fili iska ce. Tana tasowa daga mashigin tekun Forth, ba bishiyar da za ta tare ta, kuma tana iya sauya fuska tsakanin rami na uku da na shida. Wanda ya saba ɗaga ƙwallo sama, yadda yake gani a talabijin, iska za ta karɓe ta ta ajiye masa a cikin doguwar ciyawa. Mutanen gari ba sa jayayya da ita. Suna buga ƙwallon ƙasa-ƙasa, ta sauka nesa da rami, sannan ta gangara da kanta a kan busasshiyar ƙasa. Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, da na sha yin wasa tare da shi. Sanduna shida kawai yake ɗauka a wata siririyar jaka da ta sha rana da ruwa. Wata rana na ji yana ce wa wani saurayi da ya zo da sababbin sanduna masu ƙyalli: "Yaro, a ƙasa babu iska. Bi da ita ta ƙasa." Saurayin ya fi shi nisan bugu da yadi hamsin, amma dattijon ne ya kammala da bugu mafi ƙaranci.

Bayan iska sai zama da mutane. A wasu ramukan dole a bugo ƙwallo ta saman farin shingen sukuwa, a sunkuya a ratsa hanyar dawaki a bi ta. Ranar da ake tsere kuwa, dawaki ke da fili, 'yan golf su haƙura. Sauran ranaku za ka tarar da mai yawo da kare, da mai gudun motsa jiki, da uwa mai tura keken jariri, kowa yana bin gefensa. Mai wasa yana jira su wuce kafin ya ɗaga sanda. Babu motar da ke ɗaukar mutum daga rami zuwa rami, babu yaron da ke ɗaukar masa jaka. Kafaɗarsa ce motarsa. Cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya gama, kuma da yake a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare, ma'aikaci yana iya tashi daga ofis ya yi zagayensa ya koma gida da sauran haske.

Kowane rami yana da suna, kuma sunayen tarihin garin ne a taƙaice. Na biyu ana ce masa Kaburbura, domin mutanen gari suna cewa a nan aka binne wasu daga cikin sojojin da suka mutu a yaƙin Pinkie na 1547. Na huɗu yana ɗauke da sunan wata mata, Misis Forman, wadda mashayarta ta taɓa zama daf da ramin, inda a da ake miƙo wa 'yan wasa abin sha ta wata 'yar taga. Na biyar sunansa Ramin Teku, amma mai wasa a yau ba ya ganin igiyar ruwa a kusa da shi, saboda an yi shekaru ana cike bakin tekun da tokar kwal daga tashar lantarki ta Cockenzie, wadda aka rufe a 2013, har ruwan ya ja da baya. Na tara kuwa Gas ake kiransa, don masana'antar iskar gas da ta taɓa zama a gefensa. Fili ne da ya rayu a tsakiyar masu aikin ƙarfi, bai taɓa ɓoye hakan ba.

Inda tsada ke fitowa

Tsadar filin golf daga wuri biyu take fitowa. Akwai abin da ake kashewa don ciyawa ta zauna kore duk shekara, akwai kuma farashin da ake ɗorawa da gangan don masu shiga su ragu. Musselburgh ya kuɓuta daga na farko saboda irin ƙasarsa, ya kuɓuta daga na biyu saboda masu shi.

Ƙasar da wasan ya taso a kanta jigawa ce ta bakin teku, rairayin da ke tsakanin ruwa da gonaki, wanda manomi ba ya so don ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki. Abin da ya hana ta amfanin noma shi ya ba ta amfanin wasa. Ruwan sama yana zuba ya tsiyaye nan da nan, saboda haka ana iya taka ta ko da hunturu ba tare da taɓo ba. Siririyar ciyawar da ke tsirowa a kanta ba ta neman ban ruwa mai yawa, kuma shekaru aru-aru tumaki da zomaye ne masu yi mata aski. Idan fari ya zo sai ta koma ruwan ƙasa, ta kwanta, ta jira ruwa, ba ta mutu ba.

Ƙaunar kore shar daga baya ta zo, kuma talabijin yana da hannu a ciki. Tun daga 1966, lokacin da aka fara nuna gasar Masters ta Amurka da launi daga filin Augusta, masu kallo a ko'ina suka ɗauka haka filin kirki yake, suka koma suna matsa wa masu kula da nasu filayen lamba. Abin da ba a nunawa shi ne Augusta yana rufe tun daga ƙarshen Mayu har zuwa Oktoba, kuma a ƙarƙashin ciyawarsa akwai bututu da injuna masu zuƙe danshi. Wanda ya ce sai ya kwaikwayi wannan da kuɗin ƙaramar ƙungiya, ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo. Manyan 'yan wasa ma sun san ba launi ke yin fili ba. A gasar Open ta Birtaniya ta 2006 a Hoylake, zafi ya ƙona filin har ya yi kalar ƙasa, Tiger Woods ya duba ya ga ƙwallo na gudu da kanta, sai ya ajiye sandarsa mafi nisan bugu. Sau ɗaya tak ya ɗauke ta a ramuka 72, kuma shi ya ci kofin.

Su wa suka fara takawa

Cewa golf asalinsa na attajirai ne bai tsaya a gaban tarihi ba. A 1457 Sarki James na Biyu na Sikotilan ya hana golf da ƙwallon ƙafa don sun ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya, kuma ba a kafa doka irin wannan saboda mutum goma. A Musselburgh kansa, akwai rubutacciyar shaida tun 1672, lokacin da wani mai faɗa-a-ji na Edinbara, Sir John Foulis, ya rubuta a littafin lissafinsa kuɗin da aka cinye shi a wasan golf a wannan fili. A 1811 kuma aka shirya wa matan garin masu tallan kifi gasa, wadda ake lissafawa a matsayin gasar mata ta farko da aka rubuta a tarihin wasan. Kyautar da aka sanya ita ce sabon kwandon kifi da kallabin alharini. Mai sarauta da mai tallan kifi, ƙasa ɗaya suke takawa.

Abin da ya yi tsada a wancan zamani ƙwallon ce. Da fata ake ɗinka ta, a cusa mata dafaffen gashin tsuntsu har ta yi tauri, kuma gwanin ɗinki ba ya wuce uku ko huɗu a yini. A 1848 aka fara yin ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, sai farashi ya faɗi, jama'a suka yi ca. Ɗan filin nan mai ramuka tara ya zama cibiyar wasan. Sau shida aka yi gasar Open a kansa, daga 1874 zuwa 1889, ana zagaya shi sau huɗu a yini ɗaya. A nan aka fara liƙa tagulla a ƙasan sandar katako, saboda ƙwallo kan faɗa kan titin da ke gefe, katako kuma ba ya jure dukan dutse. Ko faɗin ramin da duniya ke amfani da shi a yau, inci 4 da kwata, wato milimita 108, daga nan ya fito: faɗin wani ƙarfen haƙa rami ne da aka ƙera wa 'yan wasan garin a 1829, wanda hukumar dokokin wasan da ke St Andrews ta mayar ƙa'ida a farkon shekarun 1890.

Mutum biyar 'yan wannan gari sun ci gasar Open sau 11 a tsakaninsu, kuma babu ɗan gata a cikinsu. Willie Park babba shi ya ci ta farko a 1860. Ƙaninsa Mungo Park, wanda ya ci ta 1874, ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ba shi ne Mungo Park ɗin da aka koya mana a firamare ba, wanda ya bi Kogin Kwara ya mutu a Bussa a 1806, suna ne ya zo ɗaya. Bob Ferguson, wanda ya ci sau uku a jere daga 1880 zuwa 1882, da ɗaukar wa mutane sanduna ya fara tun yana yaro. David Brown, zakaran 1886, sana'arsa rufin ɗaki.

Da cunkoso ya yi yawa, manyan ƙungiyoyin da ke raba filin da talakawan gari suka fara neman inda za su keɓe. Mafi girmansu ta koma Muirfield a 1891, ta tafi da gasar Open a shekarar da ta biyo. Sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sami ƙasarta ta kewaye. A lokacin ne lambun ya samu. Muirfield, wanda ke can gaba kaɗan a bakin tekun nan, sai a 2017 'yan ƙungiyarsa suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da shigar mata, shekara 206 bayan gasar masu tallan kifi.

Masu takawa a yau

Abin da na fi tunawa da filin shi ne rashin sanin wanda za a haɗa ni da shi. Idan mutum ya zo shi kaɗai, da wanda ya tarar a mafari zai tafi. Na yi wasa da ma'aikaciyar jinya da ta fito daga aikin dare, da mai gyaran famfo da ɗansa ɗan shekara goma sha biyu, da wani likita Ba'amurke da ya haye teku musamman don ya yi hayar tsofaffin sandunan katako ya buga yadda aka buga a 1880. Ba a cika tambayar sana'ar mutum ba sai an kai rami na biyar ko na shida, kuma kafin lokacin kowa ya ga ƙwallon kowa ta faɗa kwarin yashi, girman kai ya riga ya sauka.

Wasan yana da wata dabara da ke sa irin wannan haɗuwa ta yi ma'ana. Kowane mai wasa yana da lambar rangwame, wadda ake fitarwa daga sakamakon wasanninsa na baya. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya, kuma lambar tana iya kaiwa 54. Idan mai rangwamen 20 ya kara da mai rangwamen 6, ana yafe wa na farkon kimanin bugu 14 a cikakken zagaye na ramuka 18. Ta haka ɗan shekara saba'in yake iya karawa da ɗan shekara ashirin, kowa yana da ran cin wasa har rami na ƙarshe. Sannan babu alƙali. Kai ne za ka ƙirga bugunka, kai ne za ka faɗa idan ƙwallonka ta motsa a cikin ciyawa inda ba wanda ya gani. A fili mai araha, inda ba kofi ba kyamara, mutum yana gane halin abokin tafiyarsa cikin awa biyu fiye da yadda zai gane shi cikin shekara a ofis.

Masu raina filayen araha suna da hujjarsu, ba a ƙi ta ba. Inda ƙofa ke buɗe, ɗan koyo zai shigo ya riƙe na bayansa, wani zai tone ciyawa da sanda ya wuce bai mayar ba, kuma ba za a sami ɗakin hutawa mai kujerun fata ba. Wanda ke neman shiru da hidima, ya biya ya je inda ake sayar da su. Sai dai ɗan koyon da ke ɓata wa gwani rai yau, shi ne mai biyan kuɗin ƙungiya bayan shekara goma, kuma ba shi da wata ƙofar shiga wasan sai wannan. Hukumar da ke St Andrews ta gane haka, shi ya sa ta karɓi wani tsohon filin ƙaramar hukuma a birnin Glasgow ta gyara shi don iyalai da 'yan koyo, ta buɗe shi a 2023.

Namu filayen

Wannan labari bai yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Turawan haƙar kuza sun kafa filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo a 1921, kuma da yake ba su da ruwan raya ciyawa da rani, sai aka bi wata hanya: a kewayen rami, inda a Turai ake shimfiɗa ciyawa mai laushi, a nan yashi ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, a share shi sumul kafin kowane bugu. Wannan ita ce tamu jigawar. Ba kuma abin kunya ba ne, domin a kan irin wannan yashi a Ikoyi ta Legas Peter Tupling na Ingila ya ci gasar Open ta Najeriya ta 1981 da bugu 255 a ramuka 72, adadin da ya daɗe ana ambatonsa a duniya. Gasar ce Sandy Lyle ya ci a 1978 kafin ya ci Open ta Birtaniya da Masters, ita kuma Vijay Singh ya ci a 1988 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004.

Duk ƙungiyar da ta yanke shawarar maye yashi da ciyawa a ƙasar da ake yin wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa, ta yanke shawarar haƙa rijiyoyin burtsatse, da sayen man janareta, da ƙara kuɗin wata. Kowane ƙari yana sallamar wasu: malamin makaranta, ƙaramin ma'aikaci, yaron da ya fara da ɗaukar jaka yana satar bugu da yamma. Fili ya ƙara kyau, masu taka shi sun ragu. Wannan kuwa yana da haɗari, domin tsofaffin filayen nan yanzu a tsakiyar birni suke, a unguwannin da fuloti ɗaya ya fi albashin mutum na shekara talatin, kuma idon masu yanka filaye ba ya barci.

A shekarun 2000 an kawo shirin gina sabuwar hanyar sukuwa mai manyan fitilu a Musselburgh, wadda za ta taɓa tsohon filin golf ɗin. Mutanen gari suka tashi tsaye, aka yi zaman sauraron jama'a, kuma a 2007 gwamnatin Sikotilan ta ƙi amincewa da shirin. Waɗanda suka fito ba 'yan golf kaɗai ba ne; akwai masu yawo da kare, akwai waɗanda kakanninsu suka ɗauki sanduna a wurin. Filin da mutum ɗari biyu kawai ke shiga, ranar da aka zo auna shi da igiya, mutum ɗari biyu ne za su yi magana. Shugabannin ƙungiyoyinmu da ke lissafin kuɗin ciyawa, ya kamata su haɗa da wannan lissafin kafin su ƙara farashin shiga.